Kowace Buƙata da Ƙofarta: Yadda Ƙauye Zai Kai Kukansa ga Ƙaramar Hukuma

A tarurrukan dattawa da na zumuntar mata, kusan kuka iri ɗaya ake ji: famfon tuƙa-tuƙa ya lalace, iska ta yaye rufin aji, ɗakin shan magani ba ma'aikaci, ruwa ya cinye kwalbati. In aka tambaya wa aka gaya wa, sai a ce, “Mun faɗa wa manya.” Wane babba? Yaushe? Da baki ko a rubuce? Ba mai iya tunawa. Sai shekara ta zagayo mata suna nan suna ɗibar ruwan kududdufi, yara suna gudawa. Don haka bari mu duba yadda hukuma take a yankinmu, da ƙofar da ta dace da kowace buƙata.

Hanyoyi biyu ne

Ta farko ita ce hanyar sarauta: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki. A 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ɗaga Gaya ta zama ɗaya daga cikin sababbin masarautu huɗu. A watan Mayu 2024 aka soke wannan doka, a watan Yuli na shekarar kuma aka mayar da Gaya masarauta mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Masu sarauta su ne iyayen ƙasa. Su ke sulhu kan iyakar gona da ɓarnar dabbobi, su ke shaida cewa wane ɗan gari ne. Amma kasafin kuɗi ba a hannunsu yake ba.

Ta biyu ita ce hanyar zaɓe: kansila, shugaban ƙaramar hukuma, da ma'aikatan sakatariya. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 daga cikin 774 na Nijeriya. Gaya tana da mazaɓu 10, irin su Kademi, Shagogo, Gamarya da Balan. Ajingi ma 10, irin su Toranke, Balare, Chula da Gurduba. Kowace mazaɓa da kansilanta. A ƙidayar 2006 Gaya tana da mutane kimanin 200,000, Ajingi fiye da 170,000, yau kuwa an ƙaru ƙwarai. Ke nan kansila ɗaya yana wakiltar dubban mutane. Ƙauyen da ya yi shiru, da wuya a tuna da shi.

Mene ne aikin ƙaramar hukuma?

Tsarin da muke gani yau ya samo asali ne daga gyaran da aka yi a 1976. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 7, ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Jadawali na huɗu ya lissafa ayyukansu: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, kwashe shara. Ya kuma ce su sa hannu tare da jiha wajen ilimin firamare, yaƙi da jahilci, aikin gona da kiwon lafiya.

Wasu dattawa suna cewa, “Tun da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, ba ma biyan komai, da wane baki za mu tambaya?” Ba haka abin yake ba. Kashi 20.6 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya na ƙananan hukumomi ne, kuma dukiyar ƙasa ce, ta kowa da kowa. Haka kuma kuɗin rumfa da na tasha da muke biya ran kasuwa, da harajin da ke cikin farashin kayan kanti. Shekara da shekaru rabon ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan su kai tsaye, kuma kantomomin riƙo ba su da gurbi a doka. Aiwatar da hukuncin ya yi tafiyar hawainiya, amma ya tabbatar mana cewa kuɗin na jama'a ne, tambaya a kansa kuma ba rashin kunya ba ce.

Wace ƙofa za a ƙwanƙwasa?

Ruwan sha: kansila da sashen ayyuka a sakatariya. Sabuwar rijiyar burtsatse takan fito ne daga hukumar jiha mai kula da ruwan karkara, wato RUWASA, don haka a roƙi shugaban ƙaramar hukuma ya tura takardar can.

Makaranta: hedimasta da kwamitin iyaye, sannan sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Shi ne mai kai maganar gini da ta ƙarin malamai ga hukumar SUBEB a Kano.

Asibiti: ma'aikacin da ke riƙe da ɗakin shan magani, da kwamitin ci gaban mazaɓa, sannan shugaban sashen lafiya.

Fili: dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara. Duk filin da jama'a suka keɓe don makaranta, maƙabarta ko wurin sujada, a auna shi a gaban dagaci da maƙwabta, a rubuta, a nemi takarda. Shaidar baki tana mutuwa tare da mai ita.

Takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma: daga mai unguwa ake farawa, a bi ta dagaci da hakimi, sakatariya ta bayar. Yaranmu suna buƙatar ta wajen shiga manyan makarantu, neman tallafin karatu da ɗaukar aikin soja ko ɗan sanda. Iyaye, kada ku jira sai ana rufe fom. Sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addini ko ƙabila. Wanda kakanninsa suka yi noma a wannan ƙasa, ɗan ƙasa ne. In aka sami tsaiko, a koma tare da mai unguwa da dattijo guda, cikin ladabi, a nemi dalili.

Matakai shida

1. A kira taron gari duka, Kirista da Musulmi, maza da mata, da Fulanin da ke zaune kusa. Rijiya ba ta tambayar addinin mai guga. Takardar da ta fito da sunan gari ta fi nauyi a kan wadda ta fito da sunan ɓangare ɗaya.

2. A zaɓi buƙata ɗaya, in ta yi yawa biyu. Takarda mai buƙatu goma takan ƙare a cikin durowa.

3. A kawo lissafi: gidaje nawa ke shan ruwan famfon, tun wane wata ya lalace, tafiyar minti nawa ce zuwa ruwa mafi kusa, me makaniki ya ce ya lalace.

4. A faɗi abin da gari zai bayar: yashi, tsakuwa, aikin gayya, ko asusun gyara da kowane gida zai riƙa zubawa bayan kaka. Hukuma ta fi saurin taimakon wanda ya riga ya ɗaura ɗamara.

5. Mai unguwa da dagaci su sa hannu. Kada a tsallake su. A yi kwafi uku: na shugaban ƙaramar hukuma, na kansila, na gari. A sa magatakardan sakatariya ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin gari.

6. A naɗa mutum uku masu bibiya, a cikinsu har da mace, tun da mata ne suka fi sanin wahalar ruwa. Su koma bayan mako biyu, su sake komawa, su riƙa ba gari rahoto. Zuwa da kai ya fi saƙo.

A kula da lokaci. Shekarar kuɗi ta hukuma tana farawa a Janairu, ana kuma shirya kasafi a watannin ƙarshen shekara. Saboda haka takarda ta isa sakatariya kafin a gama girbin gero. Wadda ta zo a Maris sau da yawa sai ta jira wata shekara.

A ƙarshe, 'yan'uwa, mu ba zaɓen kansila muhimmanci kamar yadda muke ba na gwamna. An yi na Jihar Kano a watan Oktoba 2024, wani kuma yana tafe. Kowane baligi ya mallaki katin zaɓe. In ɗan takara ya zo, a ajiye maganar sabulu da taliya, a nuna masa kwafin takardar gari mai hatimi, a tambaye shi a gaban jama'a me zai yi a kai. Dattawan ikilisiya su taimaka a karanta wannan bayani bayan sujada, a kuma kai wa mai unguwa nasa kwafin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya ba shugabanninmu hikimar riƙon amana.