Galadima Dauda

Galadima Dauda, wanda ake kuma kira Daudu, babban jagoran yaƙi ne na Masarautar Kano a ƙarni na 15. Ya riƙe sarautar Galadima a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438–1452). Labarinsa yana cikin littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a shekarar 1908.

Zamaninsa

Dauda ya gaji runduna mai ƙarfi, domin tun zamanin Sarki Kanajeji (1390–1410) mayaƙan Kano suka fara amfani da lifidi da sulke da kwalkwali. A mulkin Burja kuma aka buɗe hanyar fatauci daga Borno zuwa Gwanja, ciniki ya bunƙasa.

Yaƙe-yaƙensa

Tarihin ya ce Sarki Burja ya fita yaƙi da kansa, sai Galadima ya roƙe shi ya koma birni, shi zai ji da abokan gaba. Dauda ya shekara 7 yana yaƙi a ƙasashen kudu da Kano, yana aiko wa Sarki bayi dubu-dubu a kai a kai. Sarki kuwa yana aika masa dawakai da tufafi da kayan doki. An ce jama'a sun yi ta tururuwa zuwa sansaninsa har birni ya rage sai Sarki da tsofaffi. A wannan lokaci ne Dagaci, wani basarake da ya zo daga Borno, ya tara dukiya da ƙarfi a cikin gari.

Kafa garuruwa

Da Sarki ya kira shi gida, Dauda ya riƙa yada zango a hanya yana kafa gari. Garuruwa 21 ya kafa, ya bar bayi 1,000 a kowanne, rabi maza rabi mata, sannan ya shiga Kano da wasu 3,000. Sarki ya danƙa masa mulkin garuruwan duka.

Muhimmancinsa

Masana tarihi ba sa ɗaukar waɗannan alƙaluma a matsayin ƙidaya tabbatacciya, tunda an rubuta littafin ɗaruruwan shekaru bayan abin ya faru. Duk da haka labarin yana nuna yadda aka zaunar da mutanen da aka raba da gidajensu da ƙarfin tsiya a ƙauyukan noma, irin waɗanda daga baya ake kira rinji. Gumin waɗannan bayi yana cikin abin da ya gina arzikin Kano da karkararta mai cunkoson gonaki.