Rundunar Gizo da Yaƙin Bama

Wanda ya taso daga Dogarawa ya bi ta Sabon Gari zai ji ana ambaton Barikin Chindit, inda ake horon kurata. Da yawa suna faɗin sunan, kaɗan suka san mafarinsa. To, ga asalin maganar.

A watan Maris na 1943 Turawan Ingila suka haɗa runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, Janar Woolner ne shugabanta. Alamarta baƙin Gizo ne a kan ƙyalle rawaya. Aka ɗebe su cikin jiragen ruwa zuwa Indiya, daga nan sai Bama, a yaƙi Japan.

A wancan yaƙi manyan rundunoni da motocin sulke suke taƙama. Ita ma tana da nata 'yan ƙanana, amma kwarin Kaladan duwatsu ne da ƙungurmin daji, ba hanyar mota, sai aka bar su can wajen gaɓar teku. 'Yan dako suka maye gurbinsu. Harsashi da igwa da magani duk a ka aka ɗauka, yadda fatake suka saba, abinci kuwa jirgin sama ke jefowa. Ƙanwarta, runduna ta 82, har gammo ta sa a alamarta, da māsu biyu gicciye. A ganina mutanen nan ba su sami rabin yabon da ya kamace su ba, alhali da yawansu ko bindiga ba su riƙe.

Farkon 1944 suka gangara kwarin har Kyauktaw. A watan Maris Japanawa suka zagayo suka ƙwace Tudun Pagoda, tilas aka ja da baya. Bayan damina suka komo, su da ta 82 suka ci Myohaung a Janairun 1945. Barikin Myohaung na Ikko sunan garin nan ya ci.

Amma bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Nijeriya ba su je Kaladan ba. An ware su aka ba Janar Wingate, mai dakarun da ake kira Chindit, aka sauke su da jirgin sama bayan dagar abokan gaba a 1944. Sunan da barikin Zariya ke amsawa ke nan.