Largactil: maganin da ya kwance marin masu taɓin hankali

A ƙasar Hausa, da wuya a samu garin da bai san turu da mari ba. Da su ne dangi kan ɗaure ɗan uwansu idan ciwon taɓin hankali ya ci ƙarfinsu. A Turai ma haka abin yake, rigar ɗauri da ɗakin kulle, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 lokacin da wata ƙwayar magani ta fito daga Faransa. Sunanta na kimiyya kulorfuromazin, amma a farmasi an fi saninta da Largactil.

A watan Disamba na 1950 ne Paul Charpentier, masanin haɗa magunguna na kamfanin Rhône-Poulenc, ya haɗa ta. Likitan fiɗa na sojan ruwa, Henri Laborit, ya lura cewa wanda aka bai wa maganin kafin aiki yakan natsu, tsoro ya gushe masa, alhali bai fita hayyacinsa ba. A 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka jarraba shi a asibitin Sainte-Anne na birnin Paris. Majinyatan da suke kwana suna ihu suka lafa, wasu har suka koma gidajensu.

An yi shekaru ana ba da maganin ba a san sirrin aikinsa ba. Binciken Arvid Carlsson, ɗan ƙasar Suwidin, a 1963, shi ne ya nuna hanya. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wani sinadari mai suna dofamin. Idan aikinsa ya wuce kima a wani sashe, mutum yakan ji muryoyin da babu su, ko ya gaskata cewa ana farautar ransa. Largactil yana toshe ƙofofin da dofamin ke shiga, sai saƙon ya ragu.

Saboda haka ake ba da shi ga mai ciwon sikizofireniya da mai haukan zumuɗi, wanda ba ya barci, ba ya daina magana. Ana kuma amfani da shi wajen tsayar da amai mai tsanani da shaƙuwar da ta ƙi ji ta ƙi gani. Barci da natsuwa kan zo da wuri, amma muryoyi da zargi sai an yi makonni suke ja da baya.

Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Dofamin ɗin nan shi ke daidaita motsin jiki, don haka wanda ke shan maganin yana iya samun karkarwar hannu, sandarewar wuya da tafiyar jan ƙafa. Baki yana bushewa, jiri yana ɗibar mutum idan ya miƙe da sauri, nono kuma kan kawo ruwa ba tare da haihuwa ba. Maganin yana sa rana ta ƙone fata, yana kuma rage wa jiki ikon jure zafi, abin da ya zama wajibi a kula da shi a bazarar Tawa ko Damagaram. Zazzaɓi mai zafi haɗe da sandarewar jiki da ruɗewa alama ce ta hatsarin mutuwa: a garzaya likita nan take.

A Yamai, sashen Pavillon E na babban asibitin ƙasa ne aka fi sani da kula da irin waɗannan majinyata. Babbar matsalar tana farawa bayan sallama, lokacin da dangi suka ga sauƙi ya samu suka dakatar da magani, domin a nan ciwon ya fi komowa. Ragewa ko dainawa aikin likita ne, sayen ƙwayar kuwa a tiren ƴan talla ganganci ne da rai. Maganin ba ya tumɓuke ciwon daga tushe, amma wanda ya riƙe shi bisa ƙa'ida yana iya komawa gonarsa ko rumfarsa ta kasuwa, ya zauna cikin iyalinsa ba mari a ƙafa.