Ba Duk Koren Da Ya Fito Ba Ne Ciyawar Da Ka Shuka

Shuka ciyawar ado ta zama yayi a garuruwanmu. Sababbin gidaje a Kano da Kaduna da Abuja, makarantun kuɗi, harabar masallatai, kowa so yake a ga kore a ƙofarsa. Ba laifi, tana kwantar da ƙura, tana rage zafi. Abin da ke ba ni takaici shi ne a zuba kuɗi a sayi iri, sannan a damƙa aikin ga wanda bai taɓa ganin tsironsa ba.

Haka aka yi a wata makaranta a unguwarmu. Aka sauke tifa-tifa na baƙar ƙasa, aka cuɗa da ɗanyen kashin shanu daga ruga, aka baje, aka watsa irin kiri-kiri, wadda masu sayar da furanni ke kira Bamuda, duk a yini ɗaya. Kafin mako ya zagayo fili ya yi kore shar, mai makaranta sai ɗaukar hoto yake. Aka ce mai gadi ya riƙa cire ciyayi. Bawan Allah ya duba, ga wasu ƙosassu masu faɗin ganye, ga wasu 'yan sirara kamar gashi a tsakaninsu. Sai ya yanke cewa ƙosassun su ne aka saya da kuɗi, ya tsugunna ya tuge 'yan siraran. Da na yi magana ya ce, "Haba Malam, waɗannan me za su yi? Ga ta kuɗin nan ta kama." Ta kuɗin da yake nufi harkiya ce da gude-gude da aya-aya. Damina na yin nisa ƙarangiya ta yi 'ya'ya, yara suka daina zama a wurin, iskar hunturu na kaɗawa fili ya koma ƙasa tsirara.

Ban ga laifin mai gadi ba, ba wanda ya nuna masa. Laifin na mai gaggawa ne, sauri kuwa ya haifi nawa. Kowane manomi ya san ƙasa da taki cike suke da 'ya'yan ciyayi, kuma sun fi abin shuka saurin tashi. Irin kiri-kiri da aka cire wa ƙaiƙayi yana ɗaukar kwana 7 zuwa 14 kafin ya tsiro idan ƙasa na da ɗumi, wanda ba a cire wa ba yakan kai mako 3 ko fiye. Saboda haka abin da ya leƙo a kwana na uku ba naka ba ne, komai kyansa.

Ka durƙusa ka duba da kyau. Duk tsiron da ya fito da ganye biyu suna fuskantar juna, irin tafasa da tsidau da zarangade, ba dangin ciyawa ba ne, ka cire shi kai tsaye. Masu ruɗin su ne 'yan uwanta. Harkiya ganyenta ya fi faɗi, korensa da haske, da ɗan gashi-gashi. Tuji gindinta a baje yake, fari-fari, ga taurin cirewa. Aya-aya ita ce muguwar. Ganyenta na sheƙi, tana zarce kowa tsawo, idan ka murza karanta tsakanin yatsu za ka ji kusurwa uku. Fizge ta daga sama ɓata lokaci ne, domin 'ya'yanta na can ƙasa a jere a jikin saiwa, kowane zai sake tohowa. Sai an haƙa an tsince su, kuma kafin shuka ya kamata a yi wannan aikin.

Don Allah a daina shuka a ranar da aka baje ƙasa. A shayar da filin haka nan na mako 2 zuwa 3, ciyayin da ke ɓoye su fito, a kankare su da fartanya sama-sama ba tare da juya ƙasa ba, don kada a tono sababbi. Taki ya zama ruɓaɓɓe. Sai a gauraya irin da busasshen yashi don ya watsu daidai, a ɗan rufe shi da abin da bai kai rabin santimita ba, a danne. Ruwa kaɗan-kaɗan safe da yamma, ba ambaliya da tiyo ba. A guji ruwan Agusta mai kwashe iri, a guji sanyin Disamba da Janairu mai sa shi barci. Inuwar dalbejiya ma ba ta yi wa kiri-kiri, rana take so.

Ranar shukar kuma, ka samu tsohon gwangwani ka cika da yashi mai tsabta, ka barbaɗa ɗan irin a ciki, ka ajiye gefen fili. Abin da ya fito a gwangwanin shi ne ciyawarka. Ka nuna wa mai gadi, ka nuna wa yaran gida, kafin kowa ya sa hannu.

Akwai kuma masu rugawa kasuwa su ce a ba su "maganin ciyawa". Wace ciyawar? Glyphosate, wanda manoma ke fesawa kafin shuka, ba ya tambayar wa aka saya wa ya fito da kansa, duka yake ƙonewa. Ko 2,4-D da ke kashe masu faɗin ganye kawai ba a fesa shi sai an aske sabuwar ciyawa sau 3 ko 4. Askin farko sai ta kai wajen santimita 5, kuma ba a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta.

Ka kuma karanta jikin leda kafin ka biya. Wasu irin da ake kawowa daga Turai na ƙasashen sanyi ne, suna fitowa da wuri su yi kyau a hunturu, zafin Maris da Afrilu na sauka su mutu.