Ƙaramin Rauni a Ƙafa Ba Abin Rainawa Ba Ne

Yau zancenmu a kan ƙafafunku ne, ku manoman rani na Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato cikin 1978, mutanenmu da yawa suna yini a laka, suna dashen shinkafa da ban ruwa. Abin arziki ne, amma ƙafa tana shan wuya. Ruwa yakan jiƙa tsakanin yatsu har wurin ya yi fari ya tsage. In hunturu ya zo kuma sai faso ya buɗe diddige.

Ku sani fatar mutum kamar ganuwar gari ce. A bayanta akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, ba su iya kome sai sun sami kafa. Faso, ko sukar ƙaya, ko saran fartanya, ko susar ƙazwa, duk kafa ce. In sun shiga sai su yaɗu ƙarƙashin fata. Likitoci suna kiran wannan cuta selulaitis.

Ga alamunta. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana sheƙi, ba ta son taɓi. Ga mai hasken fata wurin yakan yi ja, ga baƙi kuwa ya ƙara duhu. Sau da yawa akan yi kaluluwa da zazzaɓi.

An taɓa kawo mini wani manomi da kututturen dawa ya soka. Ya zuba toka, ya ɗaure da tsumma, ya koma gona. Kwana shida ƙafar ta kumbura har gwiwa, sai da aka kwantar da shi asibiti. Ya warke, amma dashen shekarar ya wuce shi.

To, ga rigakafi:

1. Kowace yamma ku wanke ƙafa da sabulu, ku tsane tsakanin yatsu sosai.
2. Ku shafa man kaɗanya ko basilin a diddige.
3. Mai hali ya sa takalmin roba in zai shiga ruwa.
4. In kun ji rauni, ku wanke nan da nan da tafasasshen ruwa da ya huce, lita ɗaya da gishiri ƙaramin cokali biyu, ku rufe da ƙyalle mai tsabta.
5. Kada ku sa toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko baƙin mai. Kada a yi sakiya ko ƙaho a wurin.

In wurin ya fara kumbura, ku zagaye gefensa da biro. In ya tsallake zanen, ko zazzaɓi ya zo, ku zo ɗakin shan magani ran nan, kada ku jira ranar kasuwa. Cutar tana iya shiga jini ta kashe mutum. Maganin da za a ba ku yawanci na kwana 5 zuwa 7 ne, ku shanye shi duka ko kun ji sauƙi. Ku tambayi allurar tetanus kuma. Mai ciwon sukari lalle ya duba tafin ƙafarsa kullum, gama yakan ji rauni bai sani ba.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.