Yadda masana ke rarraba soson teku, da dalilin da ya sa siffa kaɗai ba ta isa ba

Soson da akasarin Hausawa suka sani tsiro ne mai yaɗo, wanda ake busar da 'ya'yansa a yi wanka da su. Soson teku kuwa dabba ne. Ba shi da baki, ba shi da hanji ko ƙwaƙwalwa. Yana manne a jikin dutse a ƙarƙashin ruwa, yana zuƙar ruwa ta ƙananan ramuka, ya tace abincinsa, sannan ya fitar da ruwan ta wata babbar kafa.

A shekarar 1836 wani masani ɗan Sikotilan, Robert Grant, ya raɗa wa wannan rukuni suna Porifera, wato masu ramuka. Zuwa yau an tantance fiye da nau'i 9,000, kuma masana sun bi hanyoyi uku wajen rarraba su.

Hanya ta farko ita ce duba ginin jiki. Mafi sauƙinsa shi ne askon, mai kama da ɗan tulu, inda ƙwayoyin da ke kaɗa ruwa da gashinsu suka jeru a bangon ciki. Sai saikon, wanda bangonsa ya nannaɗe domin ƙara filin tace ruwa. Na uku shi ne lukon, mai ɗimbin ƙananan ɗakuna da magudanai, kuma shi ne ginin mafi yawan soso, musamman manyansu.

Sai dai wannan ma'auni ba ya nuna dangantaka, domin ginin lukon ya samu a zuriyoyi daban-daban, kowace ta kai gare shi ta hanyarta. Bugu da ƙari, ƙarfin igiyar ruwa kan sauya surar soso, har a ɗauki nau'i ɗaya a matsayin biyu.

Saboda haka masana suka fi dogara da ƙwarangwal, wanda ya ƙunshi ƙananan allurai da zaruruwa. Ajin Calcarea yana da alluran sinadarin alli, kuma a cikinsa kaɗai ake samun dukkan gine-ginen nan uku. Ajin Hexactinellida, wato soson gilashi, yana da alluran silika masu tsini shida, kuma ya fi zama a zurfin teku, kamar Euplectella da ake samu a ruwan Filifin da Japan. Ajin Demospongiae, wanda ya ƙunshi kimanin kashi 80 cikin 100 na nau'o'in, yana da alluran silika, ko zare mai laushi da ake kira sponjin, ko duka biyun. Daga cikinsa ne soson wanka na Bahar Rum ya fito.

Ƙwarangwal ma ya taɓa ruɗar masana. A 1970 an ware soso masu gindi mai tauri kamar murjani a wani aji na musamman, Sclerospongiae. Daga baya aka rushe ajin, bayan da ta tabbata cewa ba zuriya ɗaya ba ne, aka mayar da akasarinsu cikin Demospongiae.

Hanya ta uku, wato binciken ƙwayoyin gado, ita ce ta kawo babban sauyi. A 2012 an cire wani ƙaramin rukuni mai suna Homoscleromorpha daga Demospongiae, aka mai da shi aji na huɗu. Alluransa na silika ne, amma ƙwayoyin gadonsa sun nuna ya fi kusanci da Calcarea masu alluran alli. A 2015 kuma Christine Morrow da Paco Cárdenas suka sake tsara Demospongiae zuwa manyan rassa uku bisa irin wannan hujja.

Ko ma'anar soso kanta ta faɗaɗa. A 1995 masanan Faransa, Jean Vacelet da Nicole Boury-Esnault, sun bayyana wani soso da aka samu a kogon teku kusa da Marseille, wanda ba ya tace ruwa, sai dai ya kama ƙananan halittu da alluransa masu ƙugiya ya narkar da su.

Amfanin wannan aiki ya kai har asibiti. Sinadaran da aka gano a wani soso na yankin Karibiyan a shekarun 1950 su suka share fagen samar da cytarabine, maganin sankarar jini. Haka nan eribulin, maganin sankarar mama da Amurka ta amince da shi a 2010, an ƙirƙire shi ne bisa sinadarin soson Halichondria okadai na gaɓar Japan.

Idan aka yi kuskuren sunan soso, mai neman magani zai iya ɗebo wani nau'in mai kama da shi, ya rasa sinadarin da yake nema. Shi ya sa a yau masana ke haɗa awon allurai a ƙarƙashin madubin likita da gwajin ƙwayoyin gado kafin su tabbatar da sunan kowane nau'i.