Daga Yamai zuwa Jidda: awa nawa maniyyaci ke yi a sama?

Da zarar an fara jigilar maniyyata, tambaya guda ce ke yawo a gidaje daga Tawa har Damagaram: yaushe za su sauka? Wasu iyalai kan kwana da waya a hannu, hankali tashe, alhali lissafin agogo ne kawai ya ruɗe su.

Tsakanin filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 4,000 a miƙe. Wato ya fi hanyar mota daga Yamai zuwa Damagaram sau huɗu, tunda ita kusan kilomita 900 ce. Babban jirgi na gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa guda. Idan aka haɗa da tashi da sauka, jirgin da bai tsaya ko'ina ba kan yi awa 5 da rabi zuwa 6.

Hanyar da ta fi kusa tana ratsa sararin samaniyar Cadi da Sudan, sannan ta ƙetare Bahar Maliya. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, jirage da dama na kauce wa ƙasar, kuma zagayen na ƙara lokaci. Shi kuwa wanda tikitinsa ya bi ta Addis Ababa ko Istanbul, ya shirya wa tafiyar da ta haura awa 10, saboda jiran canjin jirgi.

Ga inda ake yawan ruɗewa: agogon Saudiyya yana gaban na Nijar da awa 2, kuma lokacin da ke rubuce a tikiti na garin da aka ambata ne. Misali, jirgi ya tashi daga Yamai da ƙarfe 10 na dare, ya yi awa 6 a sama. Zai sauka da ƙarfe 4 na asuba agogon Nijar, amma a Jidda ƙarfe 6 na safe ne. A dawowa sai lissafin ya juya, a rage awa 2.

Sauka kuma ba isowa masauki ba ce. Akwai binciken fasfo, ɗaukar kaya, da tafiyar mota ta kusan kilomita 80 daga Jidda zuwa Makka. Layin wayar Nijar ma ba lalle ya yi aiki nan take ba.

Don haka ƴan uwa na gida da na ƙetare, in kun ji shiru na wasu awanni bayan lokacin sauka, ku ƙara haƙuri kafin ku ɗaga hankalin tsofaffi. Tun kafin tafiya, ku rubuta lambar jirgin da lambar wayar jagoran tawaga. Allah ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya.